Tarihin Sharuɗɗan Takardun Filaye a Nijeriya da Matsalar Kalmar "Mallaka"

1.0 Gabatarwa

Cinikin fuloti ko gida a biranen Nijeriya ba ya ƙarewa a biyan kuɗi da la'adar dillali. Sai an sami takarda, kuma wadda ta fi kowace daraja ita ce wadda gwamna ke sa wa hannu, watau wadda Hausawa ke kira takardar mallaka ko satifiket. Sai dai kaɗan ne daga cikin masu riƙe da ita suka taɓa zama suka karanta abin da ta ƙunsa. Wanda ya karanta zai tarar da wa'adi, galibi shekara 99 idan gidan zama ne, da kuɗin hayar ƙasa da za a riƙa biya kowace shekara, da umarnin a yi gini cikin ƙayyadadden lokaci, da hani ga yin amfani da filin ta wata hanya dabam da wadda aka rubuta, da kuma hani ga sayarwa ko jinginarwa ba tare da yardar gwamna ba.

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin tarihin waɗannan sharuɗɗa. Za a duba yadda riƙon ƙasa yake a ƙasar Hausa kafin zuwan Turawa, da yadda sharaɗin hani ya samo asali a kotunan Ingila, da yadda Turawan mulkin mallaka suka bi hanyoyi biyu mabambanta a Kudu da Arewa, har zuwa Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978. Daga ƙarshe za a nuna cewa kalmar "mallaka" da ake fassara sunan wannan takarda da ita tana ɗauke da ma'anar da doka ta riga ta cire tun tuni, kuma wannan saɓani tsakanin harshe da doka yana jawo wa jama'a asara.

2.0 Riƙon Ƙasa a Ƙasar Hausa Kafin Zuwan Turawa

A ƙauyukan ƙasar Hausa gona tana zuwa hannun mutum ta hanyoyi sanannu. Akwai gado, akwai saran daji da izinin dagaci ko mai unguwa, akwai kyauta da aro da jingina da haya, akwai kuma saye. Babbar gonar iyali ita ce gandu, wadda maigida ke jagoranta, sa'an nan kowane baligi a gidan yana iya samun gayauna tasa. Kowace daga cikin waɗannan kalmomi tana ɗauke da nata iyakoki, ko da yake ba a rubuce suke ba. Wanda aka ba aron gona ya san ba zai sayar da ita ba, kuma a wurare da yawa ba a yarda ya dasa itatuwa masu daɗewa a cikinta, domin kada 'ya'yansa su kafa hujja da su nan gaba. Wanda ya karɓi jingina zai ci amfanin gona har ranar da aka maido masa da kuɗinsa. Gonar da aka bari ta zama saura shekara da shekaru, mai ita kuma ya yi ƙaura, tana iya komawa hannun dagaci ya ba wani. Shaidun unguwa da tunanin dattawa su ne ke tsare waɗannan sharuɗɗa.

Bayan jihadin 1804 malaman Daular Sakkwato sun yi ƙoƙarin ɗora wannan tsari bisa ƙa'idojin mazhabar Malikiyya. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa littafin Ta'alimur Radi, inda ya yi bayanin hanyoyin da mutum ke keɓanta da ƙasar da ba ta kowa ba: raya ta da noma ko gini, ko kasancewarta harabar gari ko ta rijiya, ko yankan da shugaba ya yi wa wani, ko keɓewar da shugaba ya yi domin amfanin jama'a. A ra'ayin Malikiyya, ƙasar noma da aka ci da yaƙi tana zama waƙafi ga al'ummar Musulmi, shugaba kuma mai kula da ita ne. Wannan ra'ayi shi ne Turawa suka tarar a littattafai, suka kuma yi amfani da shi yadda ya dace da bukatarsu, kamar yadda za a gani a gaba.

Har ila yau fiƙihu ya san sharaɗin da ke bin dukiya ko da mai ita ya mutu. Gida ko gonar da aka yi hubusi da su ba a sayar da su, ba a kyautar da su, ba a kuma raba su gado. Haka nan shufu'a tana ba abokin tarayya damar karɓar kason da ɗan'uwansa ya sayar wa bare, in ya biya kuɗin da aka yi ciniki. A aikace kuwa, ana saye da sayar da gidaje a manyan birane irin su Kano, kuma binciken da Polly Hill ta yi a Batagarawa ta ƙasar Katsina, wanda aka buga a 1972, ya nuna cewa sayar da gona abu ne da manoma suka saba da shi. Ke nan Bahaushe ya san mallaka, ya san aro, kuma bai taɓa ɗaukar su abu guda ba.

3.0 Sharaɗin Hani a Dokar Ingila

Sharaɗin da ake rubutawa cikin takardar ciniki ya bi ƙasa daga hannu zuwa hannu ya sami gindin zama ne a wata shari'a da aka yi a Landan a 1848, tsakanin Tulk da Moxhay. A 1808 Tulk, wanda ke da gidaje a kewayen dandalin Leicester, ya sayar wa wani mai suna Elms lambun da ke tsakiyar dandalin, bisa alkawarin za a bar shi fili, ba za a yi gini a kai ba. Lambun ya yi ta sauya hannu har ya iso ga Moxhay. Takardar cinikin Moxhay ba ta ambaci wannan alkawari ba, amma ya amsa cewa ya san da shi kafin ya saya. Da ya ɗaura niyyar gini sai Tulk ya kai ƙara.

A tsohuwar ƙa'idar Ingila alkawari yana ɗaure waɗanda suka ƙulla shi ne kawai, Moxhay kuwa bai yi wa Tulk alkawarin komai ba. Duk da haka alƙali Lord Cottenham ya hana ginin. Hujjarsa ita ce, mai sayen farko ya sami filin da rahusa saboda sharaɗin da ke kansa, saboda haka in aka yarda sharaɗin ya faɗi da zarar an sake ciniki, to zai iya sayarwa washegari da tsada, ya ci ribar alkawarin da ya karya. Wanda ya saya yana sane da sharaɗi, sharaɗin ya hau kansa. Masu iya magana dai sun ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Kotunan da suka biyo baya sun taƙaita wannan ƙa'ida. A shari'ar Austerberry da hukumar garin Oldham ta 1885 an tabbatar cewa alkawarin da ke bukatar kashe kuɗi ko yin aiki, kamar gyaran hanya, ba ya bin ƙasa zuwa ga mai saye na gaba; wanda ke bi shi ne na hani kawai. A 1914 aka ƙara cewa mai neman a tilasta sharaɗi dole ya kasance yana da ƙasa a kusa wadda sharaɗin ke amfana. Dokar dukiya ta 1925 kuma ta buɗe ƙofar soke sharaɗin da zamani ya wuce shi. Da wannan makami ne masu yanka unguwanni suka riƙa tsare fasalin unguwa tun kafin a sami hukumomin tsara birane: kada a buɗe kanti, kada a yi masana'anta, kada gini ya wuce hawa kaza.

Makamin da ke tsare lambu yana iya tsare son zuciya, kuma a Amurka aka fi ganin haka. A farkon ƙarni na 20 an riƙa rubuta wa gidaje sharaɗin kada a sayar wa baƙar fata ko a ba su haya. A 1926 Kotun Ƙolin ƙasar ta ƙi taɓa irin wannan sharaɗi a shari'ar Corrigan da Buckley, bisa cewa yarjejeniya ce tsakanin mutane. Sai a 1948, a shari'ar Shelley da Kraemer wadda ta taso daga birnin St. Louis kan wani sharaɗi na 1911, ta yanke cewa kotu ba za ta tilasta shi ba, domin yin haka ya saɓa wa gyara na 14 na tsarin mulki. Dokar gidaje ta 1968 ce ta haramta abin gaba ɗaya. An kawo wannan misali ne domin a nuna cewa tambayar da ke ƙarƙashin kowane sharaɗi ita ce wa ya rubuta shi, kuma wa yake amfana. A Ingila da Amurka mai sayarwa ne ke rubutawa. A Nijeriya kuwa, musamman a Arewa, hukuma ce ta karɓi alƙalamin.

4.0 Legas da Kudancin Nijeriya

Dokar filaye ta Ingila ta shigo Nijeriya ta Legas. A watan Agusta na 1861 Sarkin Legas Dosunmu ya sa hannu kan yarjejeniyar miƙa garin ga Ingila, kuma a shekarun da suka biyo baya gwamnati ta riƙa ba mazauna takardun filaye da sunan Sarauniya. Daga nan ciniki da jingina irin na Turawa suka yaɗu tsakanin 'yan kasuwa da lauyoyin garin. Daga baya dokokin kotuna suka tanadi cewa za a yi aiki a Nijeriya da ƙa'idojin shari'ar Ingila da dokokinta na gama-gari waɗanda ke aiki ranar 1 ga Janairu, 1900. Ta wannan ƙofa ce ƙa'idar Tulk da Moxhay ta zama ɓangaren dokar ƙasar nan.

Amma tambaya ta kasance: shin yarjejeniyar 1861 ta mai da ƙasar Legas duka ta Sarauniya? Amsar ta fito ne a shari'ar Amodu Tijani, mai riƙe da sarautar Oluwa, wanda gwamnati ta karɓi filayen iyalinsa a Apapa a 1913, ta ce haƙƙinsa bai wuce na mai kula da karɓar ɗan abin gaisuwa ba. Ya ɗaukaka ƙara zuwa Landan, Herbert Macaulay ya raka shi, kuma a 1921 kwamitin shari'a na majalisar Sarkin Ingila ya ba shi gaskiya. Lord Haldane, wanda ya karanta hukuncin, ya ce sauyin mai mulki bai shafe haƙƙin jama'a a kan ƙasarsu ba, dole a biya diyya cikakkiya a raba wa masu haƙƙi. Ya kuma gargaɗi alƙalai game da fassara tsarin riƙon ƙasa na wasu al'ummu da kalmomin da aka ƙera domin dokar Ingila. Wannan gargaɗi ya shafi masu nazarin harshe kamar yadda ya shafi alƙalai.

Sakamakon haka Kudu ta ci gaba da tsari biyu a haɗe, watau ƙasar iyali da ta gari a ƙarƙashin al'ada, da kuma mallaka ta dindindin irin ta Ingila. Jihar Yamma ma ta yi dokarta ta dukiya da cinikin filaye a 1959, wadda ta kwaikwayi dokokin Ingila na 1925.

5.0 Arewa Daga 1900 Zuwa 1962

A Arewa abin ya ɗauki wata hanya. Ranar 1 ga Janairu, 1900 Lugard ya karɓi mulki daga Kamfanin Neja a Lakwaja, kuma a 1902 ya fitar da dokoki biyu, ɗaya kan filayen da aka gada daga kamfanin, ɗaya kan filayen da aka kira na hukuma. Bayan cin Kano da Sakkwato a 1903, ya shaida wa manyan Sakkwato cewa duk ikon da sarakuna suka samu ta hanyar yaƙi, har da iko kan ƙasa, ya koma hannun Ingila ta wannan hanya.

Wanda ya gaje shi a 1907, Sir Percy Girouard, shi ne ya mai da wannan da'awa tsari. Shi da wasu manyan jami'ansa irin su Charles Temple sun tasirantu da ra'ayin Ba'amurken nan Henry George, wanda ke ganin cewa ƙarin darajar da ƙasa ke samu haƙƙin al'umma ne, bai kamata ya tafi aljihun masu tara filaye ba. A 1908 aka kafa kwamiti a Landan kan filayen Nijeriya ta Arewa, cikin membobinsa har da ɗan majalisa Josiah Wedgwood, wanda shi ma mabiyin George ne. Kwamitin ya karkata ga cewa mutanen Arewa ba su san mallakar ƙasa ta mutum ɗaya ba, abin da suka sani shi ne amfani da ita ƙarƙashin sarki. Kamar yadda aka gani a sashe na 2.0, wannan ya fi kusa da abin da ke cikin littattafan fiƙihu game da ƙasar da aka ci da yaƙi fiye da abin da ke gudana a gonaki da birane.

Daga rahoton kwamitin aka yi dokar 1910, wadda aka sake tsarawa a 1916. Ta ce dukkan ƙasar Arewa tana ƙarƙashin ikon Gwamna, zai riƙe ta domin amfanin 'yan ƙasa, kuma babu wani haƙƙi a kanta da zai inganta sai da yardarsa. Abin da mutum zai iya samu shi ne haƙƙin zama, da takardar shaida mai ɗauke da sharuɗɗa: kuɗin haya da ake sake dubawa lokaci-lokaci, hani ga sayarwa sai da izini, da ikon Gwamna na sokewa. A nan aka haifi satifiket ɗin da ake riƙewa a yau. Dokar ta hana baƙi 'yan jari-hujja mamaye gonakin talakawa kamar yadda aka yi a Kenya, har ma aka kwafe ta a Tanganyika a 1923. Amma kuma ta mai da kowane mai gida ɗan haya a idon doka, ko da yake manomi a ƙauye ya ci gaba da harkarsa da dagaci da En'e bai san an yi ba.

Wariyar da aka yi a Amurka da takardun ciniki, a nan da dokar hukuma aka yi ta. Dokar garuruwa ta 1917 ta ƙarfafa keɓe unguwannin Turawa, tare da barin fili mai faɗin yadi 440 wanda ba a gini a cikinsa tsakaninsu da unguwannin 'yan ƙasa. Baƙi daga Kudu da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma, waɗanda suka biyo jirgin ƙasa da ya iso Kano a 1911, aka zaunar da su a Sabon Gari. Bayan samun mulkin kai, gwamnatin Jihar Arewa ta yi Dokar Riƙon Ƙasa ta 1962, wadda ta mai da ikon Gwamna hannun Minista, ta raba haƙƙin zama gida biyu, na doka da na al'ada. Ta kuma bayyana ɗan ƙasa da cewa shi ne wanda mahaifinsa ya fito daga wata ƙabila ta asalin Arewa. Wanda ba haka ba, ko da ɗan Nijeriya ne, sai da yardar Minista zai riƙe fili.

6.0 Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978

A shekarun 1970 kuɗin man fetur ya sa farashin filaye ya yi tashin gwauron zabo, gwamnati kanta ta riƙa shan wahala wajen samun filin ayyuka, musamman a Kudu, inda rigingimun filayen iyali suka cika kotuna. A 1977 gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta kafa kwamiti ƙarƙashin Mai Shari'a Chike Idigbe. Mafi yawan membobin ba su goyi bayan a ɗora tsarin Arewa kan ƙasa duka ba, amma gwamnati ta ɗauki ra'ayin marasa rinjaye. Ranar 29 ga Maris, 1978 aka fitar da Doka ta 6.

Sashe na 1 ya danƙa dukkan ƙasar kowace jiha a hannun gwamnanta bisa amana domin amfanin 'yan Nijeriya duka. Filayen birni suna hannun gwamna, na karkara kuma ƙaramar hukuma ce ke ba da haƙƙin zama na al'ada a kansu, amma ba fiye da hekta 500 domin noma ko hekta 5,000 domin kiwo ba sai da yardar gwamna. Sashe na 34 ya bar wa masu gine-gine a birni abinsu tamkar gwamna ne ya ba su, amma wanda ke da filin da bai gina ba, rabin hekta kawai aka bar masa. Sashe na 22 ya hana sayarwa ko jinginarwa ko ba da hayar haƙƙin zama ba tare da an fara samun yardar gwamna ba, sashe na 26 kuma ya ce cinikin da ya saɓa wa dokar ɓatacce ne. Sashe na 28 ya ba gwamna ikon soke haƙƙin zama domin bukatar jama'a ko saboda karya sharaɗin takarda. Idan an soke domin bukatar jama'a, sashe na 29 ya tanadi diyya kan gini da amfanin gona da kuɗin hayar da aka biya a shekarar, ban da darajar ƙasar kanta.

An cusa dokar cikin tsarin mulkin 1979, tana kuma cikin na 1999 a sashe na 315, saboda haka gyara ta yana bukatar irin matakan gyaran tsarin mulki. Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya kafa kwamitin gyaran harkar filaye a 2009 ƙarƙashin Farfesa Akin Mabogunje, ya kuma aika wa majalisa ƙudurin rage wuraren da ake bukatar yardar gwamna, amma ƙudurin bai zama doka ba.

6.1 Yadda Kotuna Suka Fassara Dokar

Nauyin sharaɗin yardar gwamna ya bayyana a shari'ar Bankin Savannah da Ajilo. Ajilo ya mallaki gidansa a Legas tun kafin 1978, ya jinginar da shi ga banki a 1980 domin bashin kamfaninsa. Da bashi ya ƙi biyuwa, banki ya tashi sayar da gidan, sai Ajilo ya ce jinginar ba ta inganta ba tun da ba a nemi yardar gwamna ba. A 1989 Kotun Ƙoli ta yarda da shi, ta ce sashe na 22 ya hau kan wanda ya riga ya mallaki gida kafin dokar kamar yadda ya hau kan wanda gwamna ya ba. Hukuncin ya girgiza bankuna, domin wanda ya kamata ya nemi yardar shi ne ya ci moriyar rashin nemanta. A 1995, a shari'ar kamfanin Awojugbagbe da Chinukwe, kotun ta sassauta, ta ce ana iya ƙulla yarjejeniya kafin a sami yarda, sai dai ba za ta kammala ba sai yardar ta samu.

Wasu hukunce-hukunce biyu sun nuna iyakar takardar kanta. A shari'ar Ogunleye da Oni ta 1990 Kotun Ƙoli ta ce satifiket shaida ce kawai, ba ta ba mutum haƙƙin da ba shi da shi, kuma tana faɗuwa idan wani ya tabbatar da haƙƙin da ya riga ta. A shari'ar Abioye da Yakubu ta 1991, wadda ta taso daga Jihar Kwara tsakanin masu ƙasa da Fulani makiyaya da aka ba wurin zama, kotun ta ce dokar ba ta shafe dangantakar mai ƙasa da wanda ya ba aro ba. Ke nan tsofaffin kalmomin al'ada suna nan da ransu a ƙarƙashin sabuwar doka.

A yau mai gida a birni yana iya samun kansa ƙarƙashin sharuɗɗa hawa uku. Akwai na satifiket, akwai na hukumar tsara birane, akwai kuma na kamfanin da ya gina rukunin gidaje, wanda ke rubuta wa masu saye hani irin na Tulk da Moxhay. A gefe guda kuma ɗimbin jama'a suna zaune a filayen awon igiya, abin da ke hannunsu takardar ciniki ce da sa hannun shaidu da mai unguwa, wadda ba ta cika sharaɗin dokar ba.

7.0 Matsalar Kalmar "Mallaka"

Kalmar "mallaka" Hausa ta aro ta daga Larabci, kuma a bakin Bahaushe tana nufin cikakken iko: abin da ka mallaka kana iya sayarwa ko kyautarwa, 'ya'yanka su gada, ba wa'adi, ba neman izini. Sunan takardar a Ingilishi kuwa bai ambaci mallaka ba ko kaɗan, zama ya ambata. Da aka fassara shi da "takardar mallaka" ko "takardar shaidar mallaka" a gidajen rediyo da sanarwar ma'aikatu, sai aka maido wa takardar abin da dokokin 1910 da 1978 suka cire mata da gangan. Wanda ya ji an ce ya mallaka ba zai ga dalilin neman yardar gwamna kafin ya sayar ba, ba zai damu da wa'adin gini ko kuɗin hayar ƙasa ba, kuma ranar da aka zo biyan diyya zai yi mamakin jin cewa ba a lissafa ƙasar.

Hausa ba ta rasa kalmomin da za su ɗauki wannan bambanci ba. Malaman fiƙihu sun daɗe da rarrabe mallakar asalin abu da mallakar amfaninsa. Malamin Malikiyya Alƙarafi, a littafinsa Alfuruƙ, ya ƙara rarrabe mai mallakar amfani, wanda ke iya mora da kansa ko ya ba wani haya, da wanda aka ba izinin mora shi kaɗai. Mai satifiket ya fi kusa da na farkon, tare da ƙarin sharaɗin izini. Kalmomin gargajiya kuwa kowace ta ɗan kauce: "aro" ta yi rauni, domin haƙƙin zama ana gadonsa, ana kuma sayar da shi; "haya" ta kusa, amma tana kawo tunanin ɗan gajeren lokaci. Saboda haka wannan maƙala tana ba da shawarar a tsaya kan "haƙƙin zama" da "takardar shaidar haƙƙin zama" a fassarar hukuma da littattafan makaranta, a yi amfani da "sharaɗin hani" ga alkawarin da ke hana wani amfani da fili, da "yardar gwamna" ga izinin sashe na 22. Ya kamata kuma masana Yarbanci da Ibo da sauran harsunan ƙasar nan su duba ko irin wannan saɓani yana cikin fassarorinsu, tun da doka ɗaya ce ke kan kowa.

8.0 Kammalawa

An ga cewa sharaɗi kan ƙasa tsohon abu ne a ƙasar Hausa, al'ada da fiƙihu duk sun san shi. Abin da ya sauya shi ne mai gindaya shi. A Ingila mai sayarwa ne, kotu kuma ta ɗaure duk wanda ya saya da sani. A Arewa Gwamnan Turawa ya karɓi wannan matsayi a 1910, Minista ya gaje shi a 1962, sa'an nan dokar 1978 ta miƙa shi ga gwamnonin jihohi a faɗin ƙasa. Gyaran dokar aiki ne na majalisu, kuma tarihin ƙoƙarin 2009 ya nuna ba abu ne mai sauƙi ba. Gyaran fassara kuwa yana hannun masu nazarin harshe da 'yan jarida da ma'aikatun filaye. Idan aka fassara sharuɗɗan satifiket zuwa Hausa da kalmomin da suka dace, aka buga su tare da na Ingilishi, mai saye zai san abin da ya saya tun kafin ya biya kuɗi.